Ruwan Lagireto Yana Raguwa Ba a Ganin Yoyo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Motar da Ta Sha Tafiya

Da yawa daga cikin motocin da ke bin titunanmu, daga Kano har Maraɗi, sun iso hannun masu su ne bayan sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga wadda mitarta ta haura kilomita 250,000. Ɗaya daga cikin koke-koken da aka fi kai wa bakanike game da irin waɗannan motoci shi ne mai mota ya ce kullum sai ya ƙara ruwa a lagireto, alhali bai taɓa ganin ko ɗigo a inda yake ajiye ta ba. An tattara amsoshin da ke ƙasa ne domin mai mota ya san matakan da ya kamata a bi, daga mai sauƙi zuwa mai tsada, kafin ya amince a buɗe masa kan inji.

Shin raguwar ruwa kaɗan-kaɗan ba al'adar tsohuwar mota ba ce?

A'a. Hanyar da ruwan sanyaya inji yake bi rufaffiya ce: famfon ruwa yana tura shi cikin ramukan da suka kewaye silinda, ya kwaso zafi, ya dawo lagireto iska ta huce shi, sannan ya sake komawa. Inji ba ya cin wannan ruwa kamar yadda yake cin fetur, don haka motar da take lafiya lau takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba, komai tsufanta. Ruwa ba ya tsami banza. Idan yana raguwa, to, ta ɗaya daga ƙofofi uku yake fita: ko dai yana yoyo zuwa waje, ko yana shiga cikin inji ya ƙone ko ya gauraya da mai, ko kuwa murfin lagireto ne yake sakin sa.

Kafin komai, a tabbatar da gaske raguwa yake yi. Ruwa yana kumbura idan ya ɗauki zafi, yana komawa idan ya huce, saboda haka awon da aka yi da rana bayan tafiya ba zai yi daidai da na safiya ba. A ajiye motar a wuri mai daidai, a duba tankin roba na ajiya da sassafe kafin a tayar da inji, a ja layi da maka a daidai inda ruwan ya tsaya, a rubuta lambar mita, sannan a sake dubawa a irin wannan lokaci bayan kwana uku ko mako guda. Idan kuma kwanan nan aka zubar da ruwan aka sake cikawa, raguwar farko tana iya zama iska ce da ta maƙale take fita, kuma irin wannan raguwa takan tsaya bayan tafiya biyu ko uku.

Idan yoyo ne, me ya sa ba na ganin komai a ƙasa?

Saboda ƙaramin yoyo yakan buɗe ne kawai sa'ad da inji ya ɗauki zafi, matsi ya taru a cikin tiyo, wato daidai lokacin da motar take kan hanya. Ɗigon da ya faɗa jikin inji mai zafi ko kan bututun salansa yana zama tururi nan take, wanda ya tsira kuma iska ta kwashe shi ko ya taru a kan faifan roba da ke rufe ƙasan inji. Abin da ya kamata a nema shi ne sawun da ruwan ya bari. Kulant, wato ruwan sanyaya inji mai launi da sinadari, idan ya bushe yana barin wani ɓawo mai kama da kanwa, fari ko ruwan hoda ko kore gwargwadon launinsa, a bakin tiyo, a gefen kilif, ko a layin da roba ta haɗu da ƙarfe a jikin lagireto. Yana kuma da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da hanci yake kamawa da zarar an ɗaga bonet bayan doguwar tafiya. Wanda yake zuba tsurar ruwa ya rasa waɗannan shaidu biyu, sai dai ya ga jan layin tsatsa idan ya yi sa'a.

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kansa yana taimakawa, amma a tuna cewa ruwan da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna esi ruwan raɓa ne, fari tas, ba shi da ƙamshi, kuma ba shi da alaƙa da lagireto.

Daga ina ya fi dacewa a fara bincike?

Daga murfin lagireto, domin shi ne mafi araha a cikin duk abin da ake zargi, kuma shi aka fi mantawa da shi. Aikinsa ya wuce toshe baki. A cikinsa akwai sifirin da bawul da suke riƙe matsi, yawanci tsakanin 0.9 da 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar a motocin Japan, kuma ana buga lambar a samansa. Tsurar ruwa tana tafasa a digiri 100 a buɗaɗɗen wuri, amma a ƙarƙashin matsin bar ɗaya sai ta kai kusan digiri 120 kafin ta tafasa, idan kuma rabi kulant ne rabi ruwa, sai an ɗara haka. Tunda inji yana aiki ne a tsakanin digiri 85 zuwa 105, murfin da sifirinsa ya saki ko robarsa ta tsage zai bar ruwan ya riƙa tafasa a wurare mafiya zafi, ya tunkuɗo shi cikin tankin ajiya har ya malala a hanya. Akwai kuma ƙaramin bawul na biyu wanda ke barin ruwan ya komo lagireto idan inji ya huce. Idan ya manne, sai a tarar da tanki cike taf, lagireto kuwa da saura, wani lokaci har babban tiyon sama ya shanye ya lotsa da safe.

Na taɓa tsayawa a kan wata motar haya da aka riga aka sauya wa lagireto da famfon ruwa, ruwa bai daina raguwa ba. Da aka juya murfin, sai ga robar bakinsa ta bushe ta daddare kamar busasshiyar fata, da tsaga biyu da farce yake shiga. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kuɗin da aka kashe ya ninka na murfin sau da yawa. A motocin Turai irin su Golf da Sharan babu murfi a jikin lagireto. Murfin tankin roba shi ne mai riƙe matsin, kuma tankin kansa yakan yi tsaga siririya kamar gashi idan ya tsufa.

Mene ne gwajin matsi, kuma me ya sa ake yawan nanata shi?

Wani ƙaramin famfon hannu ne mai agogon awo, wanda ake ɗaurawa a gurbin murfi alhali inji yana sanyi, a hura iska har allura ta kai lambar da ke rubuce a kan murfin, kada a wuce ta. Daga nan sai a jira minti 15 zuwa 30. Idan allura ta tsaya cak, babu babban yoyo a wannan yanayi. Idan tana sauka, sai a ɗauki tocila da ɗan madubi a bi kowace mahaɗa, domin yanzu ɗigon zai fito ba tare da zafin da zai busar da shi ba. Da wannan kayan aiki ake gwada murfin shi kansa. Ya kamata a maimaita gwajin bayan inji ya yi ɗumi, saboda akwai tsagar da ba ta buɗewa sai ƙarfe ya miƙe, akwai kuma kilif da ba ya saki sai da sanyin asuba.

Idan allura tana sauka amma an rasa ɗigo a waje, wannan ma amsa ce, domin ta nuna ruwan ciki yake shiga. Idan yoyon ya yi ƙanƙanta ƙwarai, akwai rini na musamman da ake zubawa a cikin ruwan, a yi kwana biyu ana tafiya, sannan a haska inji da fitilarsa a wuri mai duhu, sai a ga sawun yoyon yana ƙyalli. A ganina, garejin da zai yanke hukuncin buɗe inji ba tare da ya yi gwajin matsi ba yana yin caca ne da kuɗin mai mota.

Waɗanne wurare ne suka fi yoyo a motar da ta tsufa?

Lagireton zamani alminiyam ne a tsakiya, da tankunan roba a sama da ƙasa ko a gefe, waɗanda aka danne da ƙananan haƙoran ƙarfe a kan robar da ke hana zuba. Shekaru na zafi da sanyi suna sa baƙar robar ta koma ruwan ƙasa, ta yi gautsi, kuma tsaga ta fi fitowa kusa da wuyan da tiyon sama yake shiga, inda ruwa ya fi zafi. Idan roba ta sauya launi haka, liƙi ba ya daɗewa a jikinta.

Sai famfon ruwa. A jikinsa akwai wani ɗan rami da aka bari da gangan, domin idan abin da ke tare ruwa a cikinsa ya fara mutuwa, ruwan ya fita ta nan maimakon ya shiga boris. Ɓawon kulant a ƙarƙashin wannan rami, ko ƙara mai kama da niƙa daga wajen, alama ce ta famfon ya kusa gamawa. A injunan da taimin bel ke juya famfon, yana ɓoye ne a bayan murfin roba, kuma ɗigonsa yana iya jiƙa bel ɗin ya rage masa kwana, shi ya sa ake sauya su tare.

Bayan waɗannan akwai ƙananan tiyo da ba a cika kula da su ba: waɗanda ke zuwa hita ta bayan inji, da waɗanda ke ratsawa ta ƙarƙashin bututun shigar iska. Tiyon da ya kumbura a bakin kilif, ko ya yi laushi kamar burodi idan an matsa, ko baƙin mai ya daɗe yana zuba a kansa, ya gama aiki. Akwai gidan tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗauki zafi) da mahaɗan roba a gefen kan silinda, waɗanda masu Golf sun san halinsu. A ƙarshe akwai wasu fayafayan ƙarfe masu kama da kwabo da aka toshe ramukan jikin inji da su tun daga masana'anta. Tsatsa tana cin su daga ciki, musamman a motar da ta daɗe tana shan ruwan rijiya, kuma wanda ke bayan inji, tsakaninsa da giyabos, ba a isa gare shi sai an sauke giyabos ɗin.

Ba na kunna hita ko kaɗan, to ita ma tana iya zama sanadi?

Ƙwarai kuwa. Hita wani ɗan ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, kuma a motoci da yawa ruwan zafi yana ratsa shi kullum, ko an kunna ko ba a kunna ba. Alamominsa su ne ƙamshin kulant a cikin mota, danshi a kafet ta wajen ƙafafun gaba, da wani hazo mai maiƙo a cikin gilashin gaba wanda tsumma ba ya goge shi da kyau. Tunda sauya shi yakan buƙaci a kwance dashbod, da yawa sukan haɗe tiyo biyun a bayan inji su ƙetare shi. Wannan yana tsayar da yoyon, sai dai mai motar ya rasa iskar ɗumi da ke share gilashi a lokacin damina da sanyin hunturu.

Ta yaya zan gane cewa gaskit ɗin kan silinda ne?

Wannan gaskit yana kwance tsakanin gangar jikin inji da kan silinda, yana raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar konewa, ruwa, da baƙin mai. Alamar da za a gani ta dogara ne da inda ya ɓalle. Idan tsakanin ruwa da silinda ne, za a ga farin hayaƙi mai kauri da ƙamshin zaƙi yana ci gaba da fita daga salansa bayan inji ya gama ɗumi, wanda ya bambanta da ɗan tururin safiya da ke ɓacewa cikin mintuna kaɗan. Injin yakan yi rawa na ɗan lokaci idan an tayar da shi da safe, domin ruwa ya kwana yana tsiyaya cikin silinda ɗaya. Tiyon sama yakan yi tauri kamar tayar keke cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa, tun ruwan bai yi zafi ba, kuma idan an buɗe murfi da sanyi aka tayar da inji, za a ga ƙwayoyin iska suna ta ɓulɓulowa ba tsayawa.

Idan tsakanin ruwa da mai ne, baƙin mai yakan koma kalar shayi da madara a jikin geji, awonsa kuma ya ƙaru maimakon ya ragu. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai kaɗai bai isa hujja ba, domin motar da ke gajerun tafiye-tafiye cikin gari tana tara irin wannan danshi.

Baƙin maina tsaf yake, kuma babu farin hayaƙi. Ke nan gaskit ya kuɓuta daga zargi?

Bai kuɓuta ba. Ƙaramin ɓalli yana iya shan rabin lita a mako ba tare da hayaƙin da ido zai gani ba, kuma ba lallai ne ya taɓa hanyar mai ba. Abin da ke warware gardama shi ne gwajin sinadari: ana ɗora wani bututu mai ɗauke da shuɗin ruwa a bakin lagireto alhali inji yana aiki, a zuƙo iskar da ke saman kulant ta ratsa cikinsa. Idan akwai hayaƙin konewa a ciki, shuɗin yakan koma ruwan ɗorawa a injin fetur, ko kore a injin dizal. Sai kuma a kwance fulogi duka a jera su: wanda ya fita fes kamar an wanke shi, alhali sauran suna da ɗan toka-toka, shi ne na silindar da ruwa ke shiga, saboda tururi yana wanke baƙin da ke ciki. Bakanike mai kayan aiki yana iya hura iska cikin kowace silinda ta ramin fulogi yana kallon bakin lagireto. Silindar da ta sa ruwa ya ɓulɓulo ita ce mai laifi. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa bambanta ƙonannen gaskit da tsagaggen kan silinda, sai an buɗe ake sanin wanne ne.

Akwai wasu hanyoyin da ruwa ke bi ya shige ciki ban da gaskit?

Akwai, kuma rashin sanin su yana sa a buɗe inji a banza. A mota mai giya otomatik, man giya yakan ratsa ta wani bututu a cikin tankin lagireto domin ya huce. Idan bututun ya fashe, ruwa da man giya sukan gauraya su koma ruwan hoda mai kauri, kuma giyabos ba ya jure wannan. An san Nissan Pathfinder, Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 da wannan matsala. Wasu injuna suna da abin huce baƙin mai da ruwa ke ratsawa, wanda idan ya lalace ake ganin mai yana yawo a saman tankin ajiya. A injunan dizal na zamani akwai abin huce hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, kuma tsagarsa tana tura ruwa kai tsaye zuwa salansa.

Wasu injunan kuma suna da lagonsu na musamman. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Toyota Camry na 2002 zuwa 2006, wadda ta cika titunan Najeriya, an san shi da cinyewar zaren da kusoshin kan silinda suke kamawa a gangar jiki ta ɓangaren baya, sai ruwa ya riƙa naso a ƙarƙashin bututun shigar iska inda ido ba ya kaiwa. Sabon gaskit ba zai zauna a irin wannan inji ba sai an gyara zaren. Haka nan wasu Honda Civic na 2006 zuwa 2009 masu injin lita 1.8 sun yi fama da tsagewar gangar jikin inji, har kamfanin ya tsawaita garantinsu.

An ba ni shawarar a cire tamostat, a kuma riƙa zuba ruwan famfo tunda ƙasarmu ba ƙanƙara. Daidai ne?

Duka biyun kuskure ne da ya zama ruwan dare a garejinmu. Cire tamostat ba ya toshe yoyo ko ɗaya. Abin da cirewar take yi shi ne ta hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa, tunda tamostat yakan fara buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 88, sai shan fetur ya ƙaru. Tamostat da ya manne sauya shi ake yi. Kulant kuwa, ban da hana daskarewa, yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa da ke kare alminiyam da famfo da gaskit, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa, abin da direban Sakkwato ko Maiduguri yake matuƙar buƙata a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. Idan kulant ɗin mai kauri ne da ake sirkawa, a sirka shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, a kuma tabbatar ba mai asid ba ne. Sinadaran suna ƙarewa: tsohon nau'in kore yana buƙatar sauyi duk bayan kamar shekara biyu, ruwan hodan Toyota mai dogon zango kuwa kamfanin ya sa masa kilomita 160,000 a karon farko, sannan duk 80,000.

Maganin toshe yoyo na kwalba fa, ko ƙwai da garin barkono da wasu ke zubawa?

Suna iya fitar da mutum daga daji zuwa gari, iyakarsu ke nan. Abin da ya toshe ƙaramin rami yana toshe siraran bututun lagireto da na hita, kuma a tsohuwar motar da hanyoyinta suka riga suka ƙuntata, sai a mayar da matsalar yoyo ta koma ta zafi.

Zan iya ci gaba da hawa ina ƙara ruwa kafin in samu halin gyara?

Idan an gano yoyon na waje ne kuma ƙarami, ana iya lallaɓawa a cikin gari na ɗan lokaci, da sharaɗin a duba ruwa kowace safiya, a ajiye galan a but, ido kuma yana kan allurar zafi. A sani cewa idan ruwa ya yi ƙasa sosai allurar tana iya nuna lafiya, saboda na'urar awon tana zaune ne cikin iska maimakon ruwa. Idan allura ta hau ja, a tsaya a kashe inji nan take, kada a buɗe murfi sai tiyon sama ya huce ya yi laushi, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai tsananin zafi. Kulant guba ne mai zaƙi, ƙaramin adadi yana lalata ƙoda, saboda haka kada a zuba shi a gorar lemo ko a bar shi inda yara da dabbobi za su kai gare shi.

Idan kuwa ciki yake shiga, jinkiri yana da tsada. Ruwa a cikin baƙin mai yana cinye metal, wato boris ɗin cikin inji, ƙonannen kulant yana kashe na'urar auna iska da matatar hayaƙi da ke cikin salansa, kuma silindar da ta cika da ruwa cikin dare tana iya lanƙwasa sandar fistan a bugun farko, tunda ruwa ba ya matsuwa. Idan aka zo sauya gaskit, mai mota ya nemi a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan silinda a gabansa, domin a injuna da yawa karkatar da ta wuce milimita 0.05 tana buƙatar a kai shi a daidaita, a gwada shi ko yana da tsaga, a ɗaure kusoshi da sifana mai awo bisa jerin da kamfani ya tsara, sannan a nemo abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko, ko fanka ce, ko lagireto, ko murfi. Bayan an haɗa, a fitar da iska daga hanyar ruwa, a sauya baƙin mai da filta, a sake ja layi da maka a jikin tanki, a duba shi kowace safiya har mako biyu.